Shanyar Inna Kulsumi

Nasarawa, Birnin Kebbi
12 ga Oktoba, 1986

Zuwa ga taubashina Ummaru, matuƙin jirgin sama, Kaduna.

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Sauda da Yari da Laure, da jaririyar da har yau ban ga ƙeyarta ba. Mu nan lafiya lau. Aikin ungozoma yana nan yadda ka sani, 'ya'yan sanyin bara duk sun iso lokaci guda, ko zama ba ma samu.

Yau ba wasa ya sa na ɗauki biro ba, ko da yake ka ci a zage ka. Jiya na dawo daga Argungu, kuma har yanzu jikina a sanyaye yake.

Bari in tuna maka, tunda da alama iskar sama ta kwashe maka tunani. Kai ne ɗan farin Inna Kulsumi. Ba ta faɗin sunanka, ba ta zama inda kake, in ka gaishe ta bango take amsa wa. Tun da ka sayi ɗan jirgin nan naka ruwan ɗorawa Allah ya ba ta hanyar yi maka magana. In ka biyo ta kan gari ka kewaya gida, ita kuma ta fito da farin zanen nan ta shimfiɗa inda ake shanyar shinkafa. Kai da bakinka ka ce in ka ga zane ka san lafiya, in ba ka gani ba za ka sauka da gudu. Ba ta yarda kowa ya taɓa zanen, kuma duk wanda ya tambaye ta sai ta ce, "Shanya nike yi."

To ranar Alhamis ina tsakar gida muna tsintar shinkafa da Sadatu matar ƙaninka Dikko, sai Inna ta ɗaga kai. Mu ba mu ji komai ba tukuna. Idonta ya yi rauni, amma kunnen nan ko ɓera ya yi tari a rumbu sai ta ji. Ta miƙe ta ce, "Ku ba ni hanya." Ta shimfiɗa zane, ta danne gefensa da duwatsu, ta koma ƙofar ɗaki ta tsaya kamar ba ruwanta.

Jirginka ya zo, Ummaru. Na gan shi da idona, har da baƙin layin nan na wutsiya. Ya bi ta kan gida ya miƙe fadama, ko karkata bai yi ba. Inna ta ce, "Hala bai gani ba." Da la'asar ya dawo, ta sake shimfiɗawa, ya sake wucewa. Yaran unguwa da suka fito suna tsalle suka watse. Ta naɗe zanenta da kanta ta shige ɗaki.

Yanzu maganar ta cika unguwar masunta, wai ɗan Maigandi ya yi girman da ba ya gaida uwarsa. Ni ban yarda ba, amma ban san abin da zan ce musu ba. Me ta yi maka? In wani laifi ne, faɗa mini in kai mata. Ka ba ni amsa da wuri.

Taubashiyarka,
Riskuwa

Kaduna
24 ga Oktoba, 1986

Zuwa ga Riskuwa.

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta maigida da yara, mu ma nan kalau muke. Jaririya tana ta girma, sunanta Asiya, kuma hancinta ya fi naki tsawo tun yanzu.

Takardarki ta same ni a bakin aiki, na karanta a tsaye. Inna lillahi. Wallahi ba ni ba ne a cikin jirgin nan. Na sayar da shi tun watan jiya, wani kamfani mai feshin tsuntsayen jan baki ya saya. Ko a mafarki ban kawo cewa fadamarmu za a tura shi aiki ba. Na rubuto muku bayani na ba wani direban lori mai zuwa Kamba, ya rantse zai ajiye a Argungu. Ashe takardar tana can tana yawon duniya. Duk lokacin da na tuna Inna a tsaye a ƙofar ɗaki sai in ji kamar in tsaga ƙasa in shige.

Ga yadda abin yake. Jirgin nan kujera biyu gare shi, jirgin saurayi ne. Da ina ni kaɗai ya ishe ni, da na auri Sauda ma ya ishe mu. Yanzu mu biyar ne. Zuwana gida na ƙarshe Yari na ɗauka, Laure ta kwanta a bakin fili tana birgima tana cewa Baba ya fi son Yari, har na tashi ina hango ta. Ga kayan gyara sun zama sai wane da wane, ƙaramin ƙarfe sai an aika ƙasar waje. Ya zamana ina ciyar da jirgi kamar ina da iyali na biyu.

Shi ne na shiga wata ƙungiya a nan. Mu tara muka haɗu a kan jirgi ɗaya mai kujera huɗu, ya fi nawa ƙarfi nesa ba kusa ba. Gyara da kuɗin fili duk a kanmu gaba ɗaya, tashi kuwa kamar adashi, kowa da ranar ɗaukarsa. Akwai lauya a cikinmu, akwai malamin jami'a, akwai wani dattijo mai gidan burodi. Kafin su karɓe ni sai da na je likita ya duba ni ciki da waje. Na ga dai gara in gyara wa iyali zama tun ina da ƙarfina.

Ki je ki karanta wa Inna wannan, ki ba ta haƙuri, ki ce mata ɗanta bai isa ya wuce zanenta ba. Ke kuma baiwata, da kika yi saurin yanke mini hukunci, ki tanadi kuɗin sharata ninki biyu bana.

Naki,
Ummaru

Nasarawa, Birnin Kebbi
5 ga Nuwamba, 1986

Ummaru,

Ina gaisuwa, ina gaida Sauda da yara. Lafiyarmu lau a Birnin Kebbi. Ta Argungu ce ba zan ce maka lau ba.

Na karanta takardarka na yi dariya, na ce alhamdu lillahi, ƙaramar magana ce. Na hau mota da murnata. Da na san abin da zan tayar da na bar ta a jaka.

Na samu Inna a ɗaki, Dikko yana bakin ƙofa. Ta ce, "Karanta duka, kak ki tsallake komi." Da na zo inda ka ce ba kai ba ne, sai na ga kafaɗunta sun sauka. Da na zo inda ka ce ka sayar, Dikko ya ce, "Ya mi?" Na maimaita. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Inna ba ta motsa ba har na kai wurin likita, sannan ta ce, "Mi yak kai shi ga likita?" Na ce ai ƙa'idar aikinku ce, duk matuƙi sai an riƙa duba shi. Ta ce, "Ubanai ma haka yay yi."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Ummaru, ka daɗe a birni har ka manta gidan da ka fito? A gidanku namiji ba ya rabuwa da abin hawansa yana da sauran kwana. Masunci ya sayar da koma, ya sayar da akuya, ya sayar da rigar Sallarsa, amma kwale-kwale ko ya ruɓe sai dai a jawo shi tudu ya ƙarasa ruɓewa a ƙofar gida. Kawu Maigandi ya sayar da nasa da kaka, bai gaya wa kowa dalili ba, ya ce ya gaji da ruwa ne. Ashe ya san abin da ke cin hantarsa. Kafin ruwan farko mun rufe shi. Kai kana makaranta a Zariya lokacin, ba ka ga ranar da masu saye suka zo suka tura shi ruwa ba. Inna ta gani. Wansa Hodi ma haka ya yi kafin shi.

To ka haɗa da kanka. Ka sayar, ka je likita, ka ce kana gyara wa iyali zama tun kana da ƙarfinka. Na yi bayani har bakina ya bushe. Na ce kujeru ne ba su isa ba. Ta ce, "Wa yat taɓa saida abinai shi koma ga na mutane? Ɓoye muna shikai." Dikko ma da nake zaton zai taya ni, kuka na same shi yana yi a bayan rumbu.

Tun ranar Inna ba ta cin abin kirki. Sadatu ta ce sai ta kurɓi kunu sau biyu ta ture kwanon. Ta sa an ciro farin zanen an wanke an ninke, ta sa a ƙasan akwati, kuma kai ka san abin da tsohuwa ke nufi in ta adana farin ƙyalle. Na auna jininta ya hau. Ni ungozoma ce ba likita ba, amma na san jikin da ke sauka in na gan shi.

Na ce mata bari in sa ka taho ko a mota ne ta gan ka. Ta ce, "In yaz zaka ta ƙasa, to an hana mai sama ke nan." Ka ji. Mota ba za ta yi maka amfani ba, sai ma ta ƙara tabbatar mata.

Yanzu ni ma ina tambayarka tsakaninka da Allah, ba a matsayin abokiyar wasa ba. Lafiyarka ƙalau? In akwai wani abu, ni ka gaya wa, na iya riƙe magana. In kuma babu, ka ɗauko jirgin naku na mutum tara ka zo tun tana iya fitowa tsakar gida.

Riskuwa

Kaduna
14 ga Nuwamba, 1986

Riskuwa,

Ina gaisuwa, duk muna lafiya, kuma wannan karon ki ɗauki kalmar da nauyinta. Na rantse da wanda raina ke hannunsa ko ciwon kai ba na yi.

Ban san Baba ya sayar da kwale-kwalensa don haka ba. Ni an ce mini ya tsufa ne. Shekara nawa ina ɗauke da wannan labari a karkace, ba wanda ya gyara mini. Sauda ta same ni da takardarki a hannu ta yi ta magana ban ji ta ba.

Yau na fara jin zafin abin da na yi. Da jirgina ne, da kafin ki ga wannan na iso. Na je fili na tarar lauya ya tafi da shi Jos, bayansa malamin jami'a ne, bayansa mai gidan burodi zai kai 'yarsa Ilori. Ranata sai farkon watan gobe. Na tsaya ina kallon wurin da nake ajiye nawa, wani ya aje tankin mai a gurbin.

Ki gaya wa Inna ranar shida ga Disamba in Allah ya yarda, farin jirgi ne, muryarsa ta fi ta wancan kauri. Ki lallashe ta ta ci abinci. In akwai yadda zan yi in matso da ranar zan yi.

Ummaru

Argungu
21 ga Nuwamba, 1986

Zuwa ga Riskuwa.

Gaisuwa da fatan alheri. Ki dubi saman takardar nan da kyau, daga Argungu nake rubuto miki, a kan tabarmar Dikko. Inna tana lafiya. Na fara da wannan don kada ki sha abin da na sha jiya. Na so in biyo Birnin Kebbi, amma jirgin ba nawa ba ne ni kaɗai, gobe da safe dole in mayar.

Dattijon nan mai gidan burodi, Alhaji Tamba, shi ya ga na rame ya tambaye ni. Da na ba shi labari sai ya ce 'yarsa ta bi jirgin ƙasa, in ɗauki ranarsa. Ban tsaya aiko da saƙo ba, na ɗauka takardata ta riga ta iso kin gaya musu kalar jirgin. Ashe saƙon bai iso Argungu ba tukuna.

Na iso kan gari da hantsi. Na hango kogi, na hango rufin gidanmu, na kewaya. Babu zane. Na ce bari in ba ta lokaci, tsohuwa ce. Na sake kewayawa ƙasa-ƙasa har ina ganin kaji suna watsewa. Wurin shanya fayau, ba kowa. Na yi na uku. Sai na hango maza zaune a kan tabarmi a ƙofar gida.

Riskuwa, na yi shekaru ina tuƙi, na shiga hadari, injin ya taɓa mutu mini a sama, ban taɓa jin tsoro irin na jiya ba. Ban san yadda na sauka a filin bayan gari ba. Wani mai babur ya ɗauko ni, ina bayansa ina salati. Abin da ke yawo a kaina ɗaya ne, na kashe uwata saboda kujera biyu.

Da muka iso na ratsa mutanen nan ban gaida kowa ba, takalmi ma a ƙafata na shiga. Ashe zakkar shinkafa Dikko ke fitarwa, su kuma masu karɓa ne. Ni ina na sani. Na faɗa tsakar gida ina kuka da ƙarfi kamar yaron da aka yaye.

Sai na ji daga cikin ɗaki an ce, "Wa yar rasu?"

Ta fito tana dafa bango. Ta rame ƙwarai, zanen jikinta har ya yi mata yawa. Na durƙusa na ce, "Ke nike kuka, Inna. Ban ga zane ba."

Daga baya Sadatu ta gaya mini ta shiga ta ce mata ga wani farin jirgi yana kewaya gida, Inna ta ce, "Ba shi na ba, masu heshi na. Sun ba ni kunya sau biyu, ba su ƙarawa."

Inna ta tsaya a kaina. Na ɗauka za ta juya ta koma ɗaki yadda ta saba. Sai na ji hannunta a fuskata. Ta shafa kumatuna, ta ja fatar idona ƙasa ta leƙa, ta matsa haƙarƙarina ta danna cikina ta gefen dama, kamar mai tayin rago. Tun da na yi wayo hannun nan bai taɓa jikina ba. Sannan ta ce, a gaban Dikko da Sadatu da duk wanda ya leƙo, "Ummaru, kai na? Da ƙibarka?"

Sadatu ta rufe baki da gyale. Ni kuwa sunan nawa ma sai na ji shi kamar baƙo.

Ta ce a kawo tuwo. Ta ci, ta sa aka ƙara miya. Tana ci tana yi mini tambaya, fuska a bango kamar da. Su wa da wa ke cikin jirgin? Na lissafa mata. Suna da uwaye? Na ce wasu suna da su, wasu sun rasu. In wani ya ɓata abu wa ke biya? Na ce dukanmu. Ta ce, "To ai su na. Ka ce min su kukai, da ban wahala ba." Wai su irin na masunta take nufi, kamun kifin gayya, ranar da gari duka ke faɗa wa ruwa ɗaya.

Da la'asar ta sa Dikko ya kai ta fili a amalanke. Ta ƙi shiga, ta ce in tayar da injin kawai. Ta zauna a gefe ta karkata kai tana saurare, iska tana kaɗa mata kallabi. Da na kashe ta ce, "Na riƙe ta." Sai na ga dole in gaya mata gaskiya. Na ce Inna, wannan muryar ba tawa ba ce ni kaɗai. Wata rana za ki ji ta ya zamana wani ne a ciki, ya wuce bai kewaya ba, ki sake shan abin da kika sha.

Sai ta ce, "Ka hwaɗa ma 'yan'uwanka takwas, duk wanda yab biyo ta Argungu shi kewaya. Gidan uwa na."

Zan kai musu saƙon, ko za su yi mini dariya. Ranata ta watan gobe tana nan, zan kawo Sauda da yara duka, Laure a gaba. Ki zo ki ga hancin Asiya ki ji haushi.

Naki,
Ummaru

Nasarawa, Birnin Kebbi
19 ga Janairu, 1987

Taubashi,

Ina gaisuwa, ina gaida Sauda da yara. Ka gaya wa Laure tsabar da ta bari a gidana ta tsiro. Takardarka ta watan Satumba da ka ba direban lori ta iso makon jiya, duk ta sha manja. Na ajiye maka ita ka yi layar tsari.

Shekaranjiya ina Argungu. Inna ta murmure, har ta koma faɗa da Sadatu a kan gishiri. Muna zaune da rana sai ta ɗaga kai. Na ce mata ba kai ba ne, na san kana Maiduguri wannan makon. Ko kallona ba ta yi ba, ta buɗe akwati ta ciro zanen.

Farin jirginku ya ɓullo ta gabas, da alama Sakkwato ya fito. Na ce a raina yau ma za a sake. Ya zo daidai kan gida kamar zai wuce. Sai ya karkata, Ummaru. Ya kewaya, wani irin kewayi mai faɗi kamar na mai koyon keke, har sai da ya kai bakin kogi kafin ya dawo. Wani hannu ya fito ta taga yana ɗaga farar hula. Ban san ko wane ne ba a cikinku, ka bincika ka gode masa. Yaran unguwa suka bi inuwarsa da gudu, ni kuma na tsaya baki buɗe da kwano a hannu.

Inna tana tsaye a gefen zanenta, ba ta koma ƙofar ɗaki ba wannan karon. Ta ce, "Wanga bai iya ba, amma ya yi ƙoƙari."

Na ce bari in tsokane ta. Na ce, "Inna, shanya kike yi?"

Ta ce, "A'a. Ɗiyana nike gaidawa."

Taubashiyarka,
Riskuwa